Kalmar "Ji" A Cikin Littafin Jiki Magayi



An nemi in yi magana a kan ɗaya daga cikin littattafanmu na Hausa, aka kuma bar mini zaɓi. To, na zaɓi Jiki Magayi, amma ba zan bi shi babi-babi kamar yadda malamin makaranta ke yi wa 'yan aji ba. Kalma ɗaya tak zan ɗauka, mai harafi biyu, wadda kowane ɗayanmu ya furta ta yau tun kafin ya karya kumallo, watau kalmar "ji". Nufina in nuna muku cewa wannan 'yar kalma ita ce igiyar da ta ɗaure labarin tun daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya bi sawunta zai gane abin da ya hallaka mutanen labarin fiye da wanda ya tsaya kallon asiri da sata kawai.

Da farko ya kamata mu san inda littafin ya fito. A cikin 1933 ne ofishin fassara da talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga 1934 aka fara fitar da littattafai biyar waɗanda har yau su ne tushen wannan fanni: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi, wanda John Tafida Umaru, mutumin Zariya, ya rubuta tare da shi Dokta East ɗin. Ganɗoki labarin yaƙi ne, Shaihu Umar labarin bauta da neman ilmi, Ruwan Bagaja yawon duniya da raha, Idon Matambayi kuwa sha'anin ɓarayi. Jiki Magayi kaɗai ne daga cikinsu aka gina a kan soyayya da aure, saboda haka duk mai son sanin asalin littattafan soyayya na Hausa tilas ya fara daga nan. Yau littafin ya haura shekara 90 a hannun masu karatu.

FAƊIN KALMAR

Kafin mu shiga labarin, bari mu auna kalmar tukuna. Allah ya ba ɗan Adam ƙofofi biyar na sanin abin da ke kewaye da shi: ido, da kunne, da hanci, da harshe, da fata. Bahaushe ya ɗauki huɗu daga ciki ya danƙa wa "ji". Da ita muke jin kira, da ita muke jin ƙamshi ko wari, da ita muke jin zaƙi ko ɗaci, da ita kuma muke jin zafin rana da sanyin hunturu. Ido kaɗai aka ware aka ba shi "gani".

Bai tsaya nan ba, sai ya shigar da ita cikin zuciya. Tsoro jinsa ake yi, haka kunya, haka haushi, haka tausayi. Ya kai ta ga fahimta, shi ya sa muke tambayar baƙo ko yana jin Hausa. Ya kai ta ga biyayya, shi ya sa idan yaro ya gagari iyayensa ake cewa ba ya ji, alhali kuwa kunnensa garau yake. Har abin da ba shi da rai bai tsira ba, domin miya takan ji gishiri, nama ya ji wuta, riga ta ji aiki.

Mu da ke zaune Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal mun san maƙwabtanmu ma suna da irin wannan. Bayarabe da kalma ɗaya, "gbo", yake jin magana, yake jin harshe, yake jin wari, kuma daga cikinta ya ƙera sunan da yake kiran yaro mai taurin kai. A Turancin buroka ma za ka tarar mutum yana jin wari da kalmar da Bature ya keɓe wa kunne. Amma ku lura da wani bambanci mai ban sha'awa. Ibo idan zai ambaci ƙauna sai ya ce "ifunanya", watau gani a ido. Bahaushe kuwa idan so ya kai matuƙa sai ya ce wane yana ji da wance. Su sun ajiye so a ido, mu mun ajiye shi a wurin da muke ajiye ciwo da yunwa.

LABARIN A TAƘAICE

Domin waɗanda suka daɗe rabonsu da littafin, ga yadda yake. A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya ba dukiya da mata amma bai ba shi haihuwa ba. Sai ya sami ishara cewa ta wurin wata yarinya, Zainab, zai sami ɗa. Ita kuwa Zainab tana da saurayinta, Abubakar, wanda ba shi da ƙarfin yin takara da attajiri. Dukiya ta rinjaya, aka ɗaura wa Malam Shehu aure da ita, aka kuma haifi ɗa namiji, Abdullahi, wanda ake kira Kyauta. Abubakar ya bar gari da alkawarin ramuwa, ya sha wuya a hanya har ya samo asirin da aka yi wa yaron. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga baya kuma ya kashe mahaifinsa a wurin sata ba tare da ya san ko wane ne ba. Sai bayan aikin gama ya gama ya san asalin abin da ya same shi.

JI NA KUNNE

Aikin farko da kalmar ke yi a littafin shi ne tura labari gaba. Labarin Hausa da ƙafar "ji" yake tafiya: wane ya ji an ce kaza, da ya ji haka sai ya yi kaza. Ku ɗauki kowane babban juyi na Jiki Magayi, za ku tarar wani labari ne ya faɗa kunnen wani. Abubakar ya ji attajiri ya shiga neman budurwarsa. Ya ji an haifi ɗa. Malam Shehu ya ji abin da ɗansa ke aikatawa a gari. Kyauta ya ji tarihin auren uwarsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai bai shiga kunne ya tsaya a kunne ba. Kowane ya gangara zuciya ya zama wani irin ji dabam, haushi ko kunya ko nadama, sa'an nan ya fito ta hannu ya zama aiki. Hausa ba ta bukatar canza kalma a kan wannan hanya, domin da wanda ya ji labari da wanda ya ji haushi duk "ji" suka yi.

JI DA ƘIN JI

Yanzu mu dubi Malam Shehu, kada kuma mu yi saurin tsine masa. Mutum ne mai jin ciwo na gaske. Duk wanda ya san zaman gidan Bahaushe ya san abin da attajiri marar ɗa yake ji sa'ad da ya dubi dukiyarsa ya tuna ba shi da magaji. Laifinsa shi ne ciwon nasa ya cika masa kunne har bai bar wurin jin na wani ba. Ya san akwai wani a kan maganar yarinyar nan, ya kuma san wancan ɗin ba shi da abin da zai kare kansa da shi. A Hausa akwai maganganu biyu masu kama da juna a baki, waɗanda ke nesa da juna a ma'ana: jin ƙai da ji da kai. Wurin da ake bukatar na farko, Malam Shehu ya kawo na biyu, domin yana ji da kuɗinsa.

Mutanen gidan su Zainab ma sun ji, amma ƙarar kuɗi suka ji. Ita kuwa yarinyar, ko da za a ce ta amince, sai mu tambayi kanmu irin amincewar da yarinya ke yi bayan manya sun riga sun karkata. A al'adarmu 'yar kirki ita ce mai jin magana. To, ga wurin da kalmar ta rabu biyu ta yi faɗa da kanta, domin jin maganar manya ya ci karo da abin da zuciya ke ji, kuma na farko ne ya ci nasara. Duk masifar da ta biyo baya daga wannan karo ta tsiro.

DAGA "YA JI" ZUWA "YA JI WA"

Abubakar shi ne wanda kalmar ta fi yi wa aiki. Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau, domin nahawu ne kaɗan amma shi ne zuciyar jawabina. Idan muka ce mutum ya ji ciwo, shi ne abin ya sama. Idan muka saka 'yar kalmar "wa" muka ce ya ji wa wani ciwo, to ya tashi daga wanda aka cuta ya koma mai cuta. Kalmar aikin ba ta canza ba, ciwon ma bai canza ba, wurin da ya sauka ne kawai ya canza. Tafiyar Abubakar duka, da dazuzzukan da ya ratsa da shekarun da ya ɓatar, tafiya ce daga jumla ta farko zuwa ta biyu.

A farkon labari mai karatu yana tare da shi ɗari bisa ɗari, domin an zalunce shi. Amma ku dubi wanda ya zaɓa ya ji wa ciwon. Bai tunkari Malam Shehu gaba da gaba ba, sai ya bi ta kan yaron da ko cikinsa ba a yi ba ran da aka yi masa laifi, yaron da kuma ɗan Zainab ne, wadda yake cewa yana ji da ita. Nan ne ya kamu da cutar abokin gabarsa, watau jin nasa ciwo ya toshe masa jin na kowa. Kuma kafin ya kai ga biyan bukatarsa shi kansa ya ji jiki, domin neman asirin ya ci ƙuruciyarsa, bai kuwa dawo masa da Zainab ba.

YARON DA BA YA JI

To, mene ne asirin ya yi wa Kyauta? Bai makantar da shi ba, bai gurgunta shi ba, bai haukata shi ya shiga bola ba. Ya mai da shi ɓarawo a gidan da babu abin da ya rasa. Idan muka fassara wannan da Hausar gida, sai mu ce an cire masa ji. Ba ya jin magana, ba ya jin kunya, ba ya jin tsoron abin da zai biyo baya, ba ya kuma jin tausayin uban da ya daɗe yana jiransa. Duk waɗannan abubuwa huɗu da tarbiyyar Bahaushe ta tsaya a kansu da kalma ɗaya ake faɗinsu, saboda haka da bugu ɗaya aka rushe su.

A nan ne hukuncin ya dace da laifin. Mutumin da ya ƙi jin kukan ɗan wani, sai aka ba shi ɗan da ba ya jin nasa. Kowa ya san yadda uba yake a gari idan ana nuna shi da baki ana cewa ga uban ɓarawo, balle mutum mai suna irin Malam Shehu. Kunyar da ɗan ya kasa ji, uban ne ya ɗauke ta duka.

Sai kuma ranar kisan. Muna da karin magana cewa gani ya kori ji, watau abin da ido ya shaida ya fi abin da aka ba ka labari. A wannan wuri littafin ya juya karin maganar. Kyauta yana tare da mutumin da ke gabansa, amma kasancewa tare ba ta sanar da shi kome ba. Abin da ya buɗe masa gaskiya ji ne, sa'ad da aka gaya masa wanda ya kashe da dalilin da ya sa rayuwarsa ta zama haka. Ji ya dawo masa, na kunne da na zuciya gaba ɗaya, amma a lokacin da ba zai iya ta da mamaci ba.

SUNAN LITTAFIN

Wannan ya kawo mu ga sunan da ke bangon littafin. "Magayi" daga "gaya" aka ƙera shi, kamar yadda aka ƙera maɗinki daga ɗinka, ko marubuci daga rubuta. Ita kuwa "gaya" tana da wata ɗabi'a: ba ta tsayawa sai da wanda ake gaya wa. Kana iya faɗin magana ka bar ta a iska, amma ba ka cewa "na gaya" ka yi shiru, sai ka ce na gaya masa, ko na gaya muku. Ashe ke nan sunan yana ɗauke da mai sauraro a ɓoye. Jiki zai gaya wa wa? Zai gaya wa wanda kunne ya gaya wa ya ƙi.

Kakanninmu sun jera wannan a karin magana tun kafin a san boko. Sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sun kuma ce jiki ya fi kunne ji. Ku duba, a cikin kowace ana wasa ne da fuska biyu na kalma ɗaya, ji na gargaɗi da ji na azaba, kuma ana gaya mana cewa wanda ya tsallake na farko ba ya tsallake na biyu. Abin da Tafida da East suka yi shi ne suka ɗauki wannan hikima suka sa mata sunaye da gari da shekaru.

Wani zai ce, ai malam, babu littafin Hausa da ba a cika shi da "ji" ba, me ya sa za ka ware wannan? Gaskiya ne, kalmar tana ko'ina. Amma a Ruwan Bagaja, alal misali, idan mutum ya ji jiki dariya muke yi, a shafi na gaba kuma ya warke an shiga wata dabara. A Jiki Magayi babu jin da ke wucewa a banza, kowane yana haifar da na gaba har a kai ga gawa. Wani kuma zai ce asiri ne ya yi ɓarnar. To, wa ya aika a nemo asirin? Da an saurari Abubakar tun ran farko, da babu abin da zai kai shi daji.

Marubutan da suka zo daga baya sun ɗauki wannan zare suka ja shi ta wajen da littafin ya bari, watau wajen yarinyar. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, budurwa ce ke tsayawa a kan abin da zuciyarta ke ji ko da dangi ba su so. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, an sake kafa duwatsun murhu uku irin na Galma, ga talaka, ga mai kuɗi, ga yarinya, amma Sumayya ta ƙi mai kuɗin. Tambayar da ba a yi wa Zainab da gaske ba, ita ce littattafan soyayya suka shafe shekaru suna amsawa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Jama'a, kada mu ɗauka wannan labarin mutanen dā ne kurum. Da yawa daga cikinmu mun zo Kudu hannu wofi, Allah ya buɗa mana a kara ko a kasuwar canji ko a tashar mota. Idan aka koma gida da salla, aljihu da nauyi, ba wuya a ga yarinya a aika gidansu, ba tare da an tambaya ko akwai wani yaron da ya shekara uku yana taya ubanta noma saboda ita ba. Wanda ya bar gida yana Abubakar yana iya komawa yana Malam Shehu bai sani ba. Tambaya ɗaya kafin a kai goro, a kuma saurari amsar daga bakin yarinyar, ta fi sadaki mai yawa amfani. Akwai kuma waɗanda haushin wani abu ne ya fito da su daga garinsu tun asali. Su ma littafin yana da magana da su, domin ya nuna a kan wa ramuwa take sauka.

Abu na biyu shi ne 'ya'yanmu da aka haifa a Sabo da Agege da Idi Araba. Mukan yi murna mu ce yaro yana jin Hausa domin an aike shi ya dawo da abin da aka ce. Wannan ji ɗaya ne daga cikin goma. Ku gwada shi: ya san bambancin jin ƙai da ji da kai? Idan kakarsa ta ce masa tana jiye masa ranar da zai yi nadama, ya san gargaɗi ne aka yi masa cikin ƙauna? Yaron da ya san "ji" na kunne kaɗai, rabin tarbiyyar da ake yi masa da Hausa tana zubewa a ƙasa, ba don ya ƙi ba, sai don kalmar ba ta isa inda aka aike ta ba.

Saboda haka ga shawarata, ba ta kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi cikin dare kaɗan. A nemo shi, a karanta shi da ƙarfi a tsakar gida bayan sallar lisha, a ba yaro fensir ya sa alama duk inda kalmar "ji" ta fito, sa'an nan a tambaye shi: wannan na kunne ne, ko na zuciya, ko na biyayya, ko na jiki? Uba zai yi mamakin abin da ɗansa bai sani ba, wataƙila kuma ya yi mamakin abin da shi kansa zai tuna.

Shugaba, na ga lokaci ya ja, nan zan dasa aya.  Allah ya sa mu zama masu ji tun magana tana wurin kunne, ya shirya mana zuriyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.